Littafin aikin rumbu: rabon memori a Linux, Windows da Android

11 ga Janairu 2025

Manhajar lissafin kaya da muke sa wa masu shaguna a Yamai da Tawa da harshen C aka rubuta ta, kuma wuri uku take zama: sabar ofishinmu a Yantala mai Linux, kwamfutocin shaguna masu Windows, sai wayoyin Android da muke son ta shiga bana. Kukan da ya fi yawa guda ne. Da safe tana gudu lafiya lau, da an fitar da rahoton wata sai ta yi nauyi, ba ta kuma sakin jiki sai an rufe ta an sake buɗewa. Galibin kwamfutocin nan na hannu ne, RAM ɗinsu gigabayit 2, mai sa'a 4.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rahoto yana roƙon ƙananan gutsattsarin memori masu ɗimbin yawa ta hanyar malloc, mai rabon memori na harshen C, in ya gama ya sake su da free. To amma saki ga malloc daban, mayarwa ga babbar manhaja, wato Linux ko Windows ko Android ɗin kanta, daban, kuma malloc na Linux da na Windows da na Android kowanne da halinsa wajen riƙewa.

Ba mu ne muka fara wannan tunani ba. Doug Lea ya soma nasa malloc tun 1987, kuma daga jikinsa aka samo wanda ke cikin glibc, laburaren C na Linux, yau. Jason Evans ya yi jemalloc wanda FreeBSD ta ɗauka, Google na da tcmalloc, Microsoft ta saki mimalloc a 2019. Duk wanda ya nemi shawarata zan ce ya ɗauki ɗaya daga cikinsu ya huta. Mu abu uku ne suka sa za mu rubuta namu: muna son rufi, wato iyakar memorin da manhaja ba za ta wuce ba, muna son lambar da ni da ƙanena za mu iya karantawa daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, sannan har yanzu akwai shagunan da ke kan Windows 7 mai bit 32, kuma ba za mu ce wa mai shago ya sayi sabuwar kwamfuta don rahoton wata ba.

Sunan laburaren rumbu. Ba zai maye gurbin malloc na na'ura gaba ɗaya ba, manhajarmu ce kawai za ta riƙa kiran rb_alloc da rb_free. Duk abin da ya shafi babbar manhaja zai zauna a fayil ɗaya mai ayyuka huɗu: keɓe adireshi, kunna shafuka (gutsattsarin da babbar manhaja ke ba da memori da su), kashe shafuka, mayar da adireshi. Sauran lambar ba za ta san a ina take gudu ba.

23 ga Janairu

Ɓangaren Linux ya tashi. Ban taɓa sbrk, tsohuwar hanyar roƙon memori, ba, don glibc ma yana amfani da shi, mutum biyu na jan igiya ɗaya ba ya ƙarewa lafiya, ga shi Windows ba ta da irinsa. Komai ta mmap yake bi, kiran da ake roƙon memori da shi daga kanel, wato zuciyar babbar manhaja.

Tsarin ciki ke nan. Ana karɓar yanki na megabayit 4 daga kanel, a yanka shi ɓangare-ɓangare na kilobayit 64, kowane ɓangare ya zama na aji ɗaya: na gurabe masu bayit 16, ko 32, ko 48, haka dai har kilobayit 8. Wanda ya roƙi bayit 40 a ba shi gurbin 48. Gurbin da ba kowa a cikinsa shi ke riƙe da adireshin na gaba da shi, saboda haka jerin guraben banza ba ya cin wani wuri na daban. Abin da ya fi kilobayit 8 yana samun shafukansa, wanda ya yi girma sosai kuma mmap nasa shi kaɗai. glibc ma haka yake yi, iyakarsa ta farawa kilobayit 128 ce.

Dabarar da komai ya rataya a kanta ita ce kowane yanki ya fara a adireshin da megabayit 4 ke rabawa ba saura. In aka miƙo wa rb_free adireshi, sai a share bit 22 na ƙasa, nan take ka faɗo kan bayanin yankin, daga nan ka san ɓangare, ka san aji. Ba bincike, ba tebur. Amma mmap iyakar alkawarinsa iyakar shafi, bayit 4096. Maganin a Linux mai sauƙi ne: ka roƙi megabayit 8, ka zaɓi madaidaicin wuri a tsakiya, ka yanke kai da wutsiya da munmap. Kanel bai damu ba ko rabin abin da ya ba ka ka mayar.

Ƙanena ya buɗe top, mai nuna memorin da kowace manhaja ke ci, ya ga layin VIRT na adireshin da aka keɓe ya yi tsalle, ya ce, "Yaya, wannan ai ya fi na da ci." Na nuna masa layin RES, na memorin da ke cikin RAM da gaske, da ko motsi bai yi ba. Linux ba ya ba ka shafi na gaskiya sai ranar da ka taɓa shi. Kafin nan alkawari ne kurum, kuma a yadda yake zuwa, kanel yana alkawarin fiye da abin da ke hannunsa. In rana ta ɓaci kowa ya zo karɓar nasa, ba NULL, amsar da ke nufin babu, za ka gani ba, kanel zai zaɓi manhaja ɗaya ya kashe. Wannan ya sa rufin da muke so dole a cikin rumbu za a ƙirga shi, ba a jira babbar manhaja ta ce a'a ba.

4 ga Fabrairu

Ƙananan dokoki, amma kowacce tana iya kayar da manhaja. Duk adireshin da za mu bayar sai 16 ta raba shi, domin kompaila a x86-64 yana ɗauka haka ne, yana iya sa umarni irin movaps wanda ke faɗuwa nan take in adireshin ya karkace. A rb_calloc, mai ba da memorin da aka share zuwa sifili, ana duba ko adadi sau girma ya zarce abin da size_t ke ɗauka kafin a yi komai. Roƙon bayit sifili kuwa, ƙa'idar C ta bar wa kowa zaɓi, ko NULL ko adireshi. Mu gurbi mafi ƙanƙanta muke bayarwa a ko'ina, don NULL ya zama ma'ana ɗaya gare shi: babu.

19 ga Fabrairu

Windows. A nan ne aikin ya nuna ainihin fuskarsa.

VirtualAlloc, makwafin mmap a Windows, ya raba abu biyun da Linux ya cakuɗa. MEM_RESERVE kamar mutum ne ya sayi fili a bayan gari aka kafa masa duwatsun iyaka: ba wanda zai shiga, amma ko bulo ɗaya ba a aza ba. MEM_COMMIT shi ne ginin. Da zarar ka kunna shafuka, Windows ta rubuta su a kanka, tana cirewa daga jimillar RAM da fayil ɗin musanya da ke kan faifai, ko ka taɓa su ko ba ka taɓa ba. In jimillar ta cika, VirtualAlloc ya dawo maka da NULL a fili. Ni wannan hali ya fi mini, domin mai gaya maka babu tun a bakin ƙofa ya fi mai cewa shigo sannan ya kashe ka a tsakar gida. Sai dai yana nufin ba za mu kunna yankin megabayit 4 dukansa lokaci guda ba kamar yadda Linux ke bari ba tare da asara ba. Ɓangare-ɓangare za a riƙa kunnawa, in an buƙata. Na koma fayil ɗin Linux na daidaita shi da wannan: mmap da PROT_NONE shi ne keɓewa, mprotect shi ne kunnawa. Gara mai sassauci ya bi dokar mai tsauri.

Sai batun yanke kai da wutsiya. Ba ya yiwuwa. VirtualFree da MEM_RELEASE yana son ainihin adireshin da aka ba ka tun farko, girman kuma ka rubuta sifili, ya karɓe duka ko ya ƙi duka. Ga kuma wani lissafi na biyu: shafi bayit 4096 ne, amma adireshin da ake keɓewa kan iyakar kilobayit 64 yake faɗawa. GetSystemInfo yana ba da lambobin biyu daban, dwPageSize da dwAllocationGranularity.

Hanya uku ce ta samun madaidaicin yanki. Sababbin Windows 10 suna da VirtualAlloc2, wanda za ka gaya wa daidaiton da kake so kai tsaye. Windows 7 ba ta san shi ba, kuma in ka kira shi kai tsaye a lamba manhajar ko buɗewa ba za ta yi a can ba, don haka da GetProcAddress muke lalubensa, in yana nan a yi amfani da shi. Hanya ta biyu ka keɓe megabayit 8 ka zauna da su, ka yi aiki da 4 na tsakiya. A bit 64 wannan ba komai ba ne, adireshi ya yi yawa har ya gundura. A bit 32 kuwa manhaja gigabayit 2 kacal take da shi na adireshi, ga DLL iri-iri, wato laburaren da manhaja ke ɗorawa a Windows, sun warwatsu a ciki, ba a yin wannan almubazzaranci. Saura ta uku: ka keɓe babba, ka lura da madaidaicin adireshin da ke cikinsa, ka mayar da duka, ka yi maza ka roƙi wancan adireshin da sunansa. Tsakanin mayarwa da roƙo wani zaren aiki, wato wani sashen manhajar da ke gudu a lokaci guda, yana iya riga ka, to sai ka sake zagayowa. Ba ta da kyan gani, amma tana aiki. A bit 32 na kuma rage yanki zuwa megabayit 1.

Wani abu da duk mai zuwa daga Linux ya kamata ya rubuta a bangon ɗakinsa: a Windows mai bit 64, long bit 32 ne. Lissafin adireshi da uintptr_t ake yin sa, girma da size_t, ba da wani abu ba.

13 ga Maris

Azumi, aikin ya koma bayan tarawihi. Daga Linux nake harhaɗa na Windows da MinGW-w64, CMake na riƙe da duka biyun, in gwada a Wine, mai gudanar da manhajar Windows a kan Linux. Wine ya isa ya nuna ko lissafin adireshi daidai ne, amma a ƙarƙashinsa kanel ɗin Linux ne, ba zai nuna maka yadda tsohuwar Windows ke yi in memori ya ƙare mata ba. Wannan sai kwamfuta ta gaske.

Gwajin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: roƙo da saki barkatai, kowane gurbi a cika shi da alamar da aka samo daga adireshinsa, a duba alamar kafin a sake shi. In gurabe biyu suka hau juna, alamar ce za ta tona. Ana ajiye lambar da aka fara barkatan da ita, don in an ɗauke wuta ko gwajin ya faɗi a iya maimaita shi sak.

8 ga Afrilu

Mayar da memori, wato abin da ya sa aka fara aikin tun asali.

A Linux madvise, kiran da ake gaya wa kanel abin da zai yi da shafuka, na da hanya biyu. MADV_DONTNEED yana ƙwace shafukan nan take, RES ya sauka a gabanka, in ka sake taɓa wurin a ba ka sabon shafi cike da sifili. MADV_FREE, wanda ya shigo a Linux 4.5 a 2016, cewa yake yi wa kanel ga su nan, ka ɗauka in ka matsu. Ya fi sauri, amma lambar da ke top ba ta sauka sai kanel ya ga dama. Masu harshen Go sun koma MADV_FREE a 1.12, suka dawo MADV_DONTNEED a 1.16, saboda mutane na duba ma'auninsu suna zaton manhajarsu na zubar da memori. Darasin ya ishe ni. Wanda zai kira ni a waya lamba yake gani, ba niyyar kanel ba. Mun ɗauki MADV_DONTNEED, a Windows kuma MEM_DECOMMIT maimakon MEM_RESET, wanda ke barin shafukan a rubuce a kanka.

Wannan zaɓi ya taɓa rb_calloc. Shafin da ya fito sabo daga mmap ko VirtualAlloc sifili ne zalla, sharewa a kansa ɓata lokaci ne, har ma yana tilasta wa kanel ya ba ka shafukan da watakila ba za ka taɓa ba. Yanzu kowane ɓangare na da ƴar alama mai cewa tun da aka kunna ni ba a rubuta mini komai ba. Da MADV_FREE muka ɗauka da alamar ba ta da tabbas, don tsohon rubutu yana iya nan yana iya tafiya.

Ba a kashe ɓangare da zarar ya zama fanko. Manhaja takan saki abu ta sake roƙonsa a numfashi ɗaya, in ana kashewa ana kunnawa kowane lokaci, rabin aikin zai tafi a zirga-zirga wurin kanel. Fankon yana jira ɗan lokaci a layi, in ba a neme shi ba sannan a kashe.

Duk da haka rahoton wata bai sauka yadda nake so ba, kuma laifin ba na madvise ba ne. Ana cikin rahoto mai shago yana sayar da kaya, kowane ciniki ya bar ɗan rubutu mai daɗewa a tsakiyar guraben rahoto. Rahoto ya gama ya tafi, amma gurbi ɗaya mai rai ya isa ya hana a kashe ɓangaren kilobayit 64. A C ba a matsar da abu daga adireshinsa, don ba ka san wa ke riƙe da adireshin ba. Babu wayon da mai rabon memori zai yi a nan, sai manhajar ta faɗi abin da ta sani. Na ƙara rb_arena: rahoto yana buɗe nasa wurin, duk abin da ya roƙa daga nan yake fita, ta hanyar tura alama gaba kawai, in ya gama a rushe wurin dukansa da kira ɗaya. Lambarsa ba ta kai ta ajin gurabe tsawo ba, amma ita ce ta sa layin RES ya dawo inda ya taso.

26 ga Afrilu

Tawa, ta Dosso da Dogon Dutsi da Ƙwanni, cikin zafin da ba a magana. Kawuna na da shagon kayan babur, kuma kwamfutarsa ita ce irin wadda aka yi rumbu dominta: Windows 7, bit 32, gigabayit 2, faifai mai juyawa. An ɗora ta a kan kwalin batir don ƙura, fankarta na kuka, an lulluɓe allon rubutun da leda.

Kafin in canza komai na ce a fitar da rahoto da tsohuwar manhajar in gani. Ƴar fitilar faifai ta kama ta ƙi mutuwa, kana jin ƙarar kan faifan yana kai da komo. Windows ce ke kwashe shafuka daga RAM tana zubawa a fayil ɗin musanya, in an taɓa su ta sake ɗebowa. Yaron shago ya danna neman farashin sarƙa, muka tsaya muna kallon allo, mai saye na tsaye da kuɗinsa a hannu.

Kawu ya ce, "Kullum ƙarshen wata haka take yi, ɗana. Ni na ɗauka zafi ne."

Na ce, "Zafin ma da nasa, Kawu, amma wannan cikinta ne ya cika."

"To ka rage mata," in ji shi, ya koma wurin mai sayen.

Da sabuwar, rahoton ya fita, lambar da ke Task Manager ta hau ta sauko, fitilar ta koma ƙiftawa jifa-jifa. Sai da aka zo buga rasit manhajar ta rufe kanta. Bin sawu ya kai ni ga wata tsohuwar DLL ta firinta da muke kira: muna miƙa mata rubutu, ita kuma in ta gama sai ta kira free a kansa. Da can ana dacewa, don ita da manhajar da laburaren C ɗaya aka haɗa su. Yanzu adireshin rumbu ne ake kai wa wanda bai taɓa bayar da shi ba. Wannan tsohuwar matsala ce a Windows ko babu rumbu, domin kowace DLL tana iya zuwa da laburaren C nata da tarin memorinta. Haka ma abin da _aligned_malloc ya bayar, _aligned_free kaɗai ke karɓarsa. Gyaran: abin da zai ƙetara zuwa DLL ɗin ana kwafe shi cikin memorin malloc na asali. Na kuma sa rb_free ya riƙa duba ko adireshin da aka kawo masa daga yankunanmu yake, ta ɗan teburin bit, in ba namu ba ne ya rubuta ƙorafi a fayil ya tsaya, maimakon ya lalata jeri shiru.

Kawu ya hana ni kama hanya sai da na ci tuwo, ya kuma ce in duba masa dalilin da agogon kwamfutar ke komawa baya duk lokacin da aka ɗauke wuta. Ƙaramin batirin cikin kwamfutar ne ya mutu.

14 ga Mayu

Zaruruwa. Har zuwa makon jiya kwaɗo ɗaya ne a kan komai, mai hana zare biyu shiga rumbu lokaci guda, wanda ya isa a shago amma a saba kowa na jiran kowa. Yanzu kowane zare na da ɓangarorinsa, yana roƙo yana saki ba kwaɗo. glibc ma ya ƙara irin wannan a 2.26, a 2017. Inda ake kai ruwa rana shi ne zare ya saki gurbin da wani zaren ya roƙa. Kowane ɓangare na da jeri na biyu don baƙi, ana tura gurbi a kansa da umarnin atomik, mai ɓangaren ya kwashe jerin duka in nasa ya ƙare.

Mutuwar zare ita ce ta sake raba hanya. Dole a san ya mutu don a gaji ɓangarorinsa, in ba haka ba sun tafi ke nan. A Linux da Android pthread_key_create yana karɓar aikin da za a kira a lokacin. A Windows TlsAlloc ba shi da wannan, FlsAlloc ne ke da shi. Ɓangarorin mamaci suna shiga jerin marayu, zare na gaba da ya buƙaci wannan ajin ya ɗauka.

Fork kuma, wato manhaja ta haifi kwafin kanta, matsalar Linux ce ita kaɗai: in wani zare na riƙe da kwaɗon yankuna a daidai lokacin, ɗan da aka haifa zai gaji kwaɗo a kulle ba mai buɗewa. pthread_atfork ya rufe wannan. Fayil ɗin babbar manhaja da na ce ayyuka huɗu ne yanzu ya kai bakwai.

Ƙanena ya sa printf, mai fitar da saƙo, a cikin rb_alloc don ya ga abin da ke gudana. A wurinmu ba ya cutarwa, tunda ba mu maye gurbin malloc ba. Na dai gaya masa ya sani, ranar da wani ya ɗora rumbu da LD_PRELOAD a matsayin malloc, printf zai iya kiran malloc, malloc ya kira printf, har tarin kira ya cika. Mun mayar da saƙonnin kan write da ɗan wurin rubutu tsayayye.

2 ga Yuni

Android kanel ɗin Linux ne, fayil ɗin mmap ya harhaɗu da NDK, kayan harhaɗa C na Android, ba gardama. Bambancin yana wasu wurare.

Na farko girman shafi. Lambar 4096 ta zauna a kan mutane har sun ɗauka dokar Allah ce. Kwamfutocin Apple masu M1, tun 2020, shafinsu kilobayit 16 ne. Android 15 ma ya zo da goyon bayan shafi mai kilobayit 16, kuma Google Play ta sanar cewa daga 1 ga Nuwamba 2025 sababbin manhajoji da sabuntawar da ke nufin Android 15 zuwa sama dole su iya aiki da shi. A irin wannan waya, mprotect ko madvise a adireshin da 4096 ke rabawa amma 16384 ba ta rabawa kuskure zai dawo da shi. Rumbu yana tambayar sysconf girman shafi sau ɗaya a farko, kuma ɓangaren kilobayit 64 ya dace da duka biyun, shafi 16 a nan, shafi 4 a can. Shi kansa fayil ɗin .so sai an haɗa shi da max-page-size=16384, wanda NDK r28 ke yi da kansa. A kwaikwayon waya na Android Studio na gwada, don wayar da ke hannuna mai 4096 ce.

Na biyu, wayoyin da yaran shago ke riƙewa ba su ne ake nunawa a talla ba. Da yawansu ƙanana ne masu Android Go, wasu bit 32 suke gudu, saboda haka yankin megabayit 1 da aka yi don Windows 7 ya sake samun aiki a armeabi-v7a.

Na uku, a Android ba a jiran memori ya ƙare. Akwai lmkd da ke kashe manhajojin da ke baya in waya ta matsu, kuma mai nauyi a baya ba ya daɗewa. Yaro ya fita ya amsa WhatsApp, ya dawo ya tarar da cinikin da yake rubutawa ya tafi. Na haɗa onTrimMemory na ɓangaren Java, saƙon da Android ke aikowa don manhaja ta rage memori, da sabon aiki, rb_trim, wanda ke kashe duk fankon ɓangarori nan take ba jiran layi. Wannan yana rage haɗarin ne kawai. Cinikin da ba a gama ba dole a riƙa rubuta shi a faifai, kuma wannan aikin manhaja ne, ba na rumbu ba.

Abu ɗaya na sa a ma'auni na daɗe ina dubawa. Tun Android 11 malloc na yawancin wayoyi Scudo ne, wanda aka gina don ya kama saki sau biyu da lalata bayanan gurbi. Duk abin da muka ɗauke daga hannunsa muka kai rumbu ya fita daga wannan kariya. Don haka a Android rb_arena kaɗai muka kunna, don rahoto, sauran roƙo na yau da kullum rb_alloc yana miƙa su ga malloc na wayar.

20 ga Yuni

Ruwa ya fara sauka, intanet na zuwa yana tafiya, aikin makon nan na cikin gida ne.

Valgrind da AddressSanitizer, kayan farautar kurakuran memori, malloc suke sa wa ido. A wurinsu yankin rumbu dunƙule ɗaya ne halattacce, ko manhaja ta rubuta a gurbin da ta riga ta saki ba za su ce uffan ba. An yi abu biyu. Akwai maɓallin CMake da ke mayar da rb_alloc da rb_free malloc da free zalla, don a farauto kurakuran manhajar da kayan aikin da aka saba. Sannan a cikin rumbu kansa, in an harhaɗa da AddressSanitizer, gurbin da aka saki ana shafa masa ASAN_POISON_MEMORY_REGION, a cire da ASAN_UNPOISON_MEMORY_REGION in za a bayar ko in rumbu zai karanta adireshin na gaba. A Windows 7 da ba mu da ko ɗaya daga cikinsu, na ari al'adar laburaren gwaji na Microsoft: sabon gurbi a cika shi da 0xCD, wanda aka saki da 0xDD. In ƙanena ya ga farashin kaya ya zama jerin DD a fayil ɗin ƙorafi, ya san inda zai duba ba sai ya kira ni ba.

Rufin ma ya shiga. Rumbu yana ƙirga shafukan da ya kunna, in roƙo zai wuce iyakar da aka sa masa ya fara rb_trim, in bai isa ba ya dawo da NULL, a Linux da Windows iri ɗaya. Wannan ya jawo aikin da ya fi kowanne gajiyarwa, bin duk inda manhajar ke kiran rb_alloc a tabbatar tana duba NULL kuma tana da abin yi in ta gan shi. A rahoto abin yin shi ne ta rushe wurinta, ta gaya wa mai shago ya raba watan biyu. Don gwada hanyoyin nan na ƙara maɓallin da ke sa roƙo na kaza ya gaza da gangan, ana matsar da lambar ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya rage: rb_realloc, mai canza girman gurbi, na manyan gurabe har yanzu kwafewa yake yi, alhali Linux na da mremap da zai matsar da shafuka ba kwafi, Windows kuma ba ta da makamancinsa, sai dai a keɓe sarari a gaba tun farko. Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, wasu shagunan za su koma 11, ana buƙatar kwamfuta ɗaya mai ita a ofis kafin nan. Sabuwar manhajar tana shaguna biyu a Wadata da na Kawu a Tawa. Rahoton Yuni zai fita ranar 30, na ce su turo mini fayil ɗin ƙorafi ko da babu komai a cikinsa.